Tayil, tarazo ko siminti: wanne zan sa a ƙasan sabon gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina gida mai ɗaki uku da falo a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. An yi rufi, an yi filasta, saura daɓe. Uwargida tana son tayil mai sheƙi ko'ina har banɗaki, ni kuwa ina jin tsoro, domin a gidan hayar da muke ciki tayil ya kumbura ya farfashe a tsakiyar falo. Mahaifiyata ta manyanta kuma tare za mu zauna, ga yara ƙanana. Kuɗin da ya rage mini ba shi da yawa. Wanne ya kamata in sa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ya sa a tare lafiya.

Malam, bari in fara da abin da ya tsorata ka. A yawancin gidajen da aka kira ni in duba tayil da ya kumbura, na tarar laifin yana ƙasa da tayil ɗin. Ko dai ciko ne aka zuba a rana ɗaya ba a danne shi ba, daga baya ya zauna ya bar rami, ko an shimfiɗa tayil a kan kankaren da bai gama bushewa ba, ko kuma mai aikin ya manna su gam-gam da juna har jikin bango. Tayil yana ɗan buɗewa idan ya ji zafi, kankare kuma yana ɗan tsukewa yayin da yake bushewa. In babu tazarar da za ta shanye wannan motsi, wata rana cikin bazara sai ka ji ƙara kamar an fasa tulu, ka fito ka ga tsakiyar falo ta tashi.

Saboda haka kuɗinka na farko ƙasa za su tafi. In ba a zuba kankaren daɓe ba tukuna, a yi cikon da jar ƙasa ko burji hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a daddanne kafin a ƙara wani. A yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri wadda za ta hana damshi hawowa, sannan a zuba kankare mai kaurin aƙalla santimita 10. A riƙa ba shi ruwa kwana 7, kuma kada a yi gaggawar ɗora masa komai kafin ya cika kwana 28. Sabbin unguwanni da dama tsoffin gonaki ne da fadamu da kududdufai da aka cike, shi ya sa nake nanata maganar ledar nan. In kuwa an riga an zuba, ga gwaji mai sauƙi: yanki leda kamar rabin mita kowane gefe, ka manne ta a ƙasa da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, akwai damshi, a magance shi kafin a saye ko kwali ɗaya.

Sai maganar Hajiya, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Tayil mai sheƙi idan ruwa ya taɓa shi santsinsa ya fi na kuka a tukunya, gidajenmu kuwa ba sa rabuwa da jiƙaƙƙun ƙafafu: alwala sau biyar a rana, wankan yara, ruwan da ya zube daga buta. Tsoho in ya faɗi ya karye a ƙugu, jinyar tana da tsawo, wasu ma ba sa sake miƙewa kamar da. Don haka banɗaki, kicin, baranda, ɗakin Hajiya da hanyar da take bi zuwa banɗaki, duk a sa musu tayil mai kaushi marar sheƙi. Kada ka yarda da bakin mai shago kawai. Ka ce ya ajiye guda ɗaya a ƙasa, ka zuba masa ruwa, ka taka da tafin ƙafa babu takalmi. A banɗaki na fi son ƙanana, masu santimita 30 ko ƙasa da haka, saboda yawan layukan da ke tsakaninsu yana riƙe ƙafa, kuma sun fi sauƙin bin gangara. Gangarar ta zama santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta nufi magudana. Uwargida kuma a ba ta haƙƙinta a falo, nan ne mai sheƙi yake da kyau kuma ruwa bai cika zuwa ba.

Tayil ɗin da za ka gani a kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa iri biyu ne a asali, ko da an ƙera shi nan gida ko an shigo da shi daga Sifen, Italiya, Indiya ko Sin. Akwai siramik, wanda bayansa yakan zama ja ko ruwan ƙasa, yana shan ruwa, ya fi araha kuma ya fi sauƙin yanka. Akwai fosilin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ya zama ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Ka juya bayan tayil ka ɗiga ruwa: in ya shanye nan take siramik ne, in ruwan ya tsaya fosilin ne. Bambancin yana da amfani wajen aiki. Siramik ana jiƙa shi kafin a ɗora a kan kwaɓin siminti da yashi. Fosilin kuwa, tun da ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi da kyau, gam ɗin tayil yake so. Da yawan masu aiki suna yi wa fosilin aikin siramik, bayan shekara biyu a ji yana ƙwal-ƙwal. A ɗakunan kwana siramik mai kyau ya wadatar, fosilin a kai shi falo da kicin inda zirga-zirga ta fi yawa.

Ranar aikin ka tsaya da kanka. Abin haɗin ya cika bayan tayil gaba ɗaya, ban da dunƙule huɗu ko biyar da wasu ke ɗorawa don rage siminti. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin kowane biyu, a kuma bar ɗan fili a gindin bango wanda tayil ɗin gefen bango zai rufe. Bayan kwana biyu ka zagaya da makulli kana ƙwanƙwasawa. Duk wanda ya yi amon ganga, ƙarƙashinsa fanko ne, a cire a gyara kafin ka cika kuɗin aiki.

Lissafin ma ka yi shi tun a gida. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi yana da murabba'in mita kusan 13.4. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 14.7. Kwalin tayil mai santimita 60 galibi guda 4 ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44, ka ga kwali 11 ke nan. Ka saye na kowane ɗaki lokaci guda, ka duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, domin launi yana ɗan bambanta daga wannan gashin wuta zuwa wancan. Ka kuma ɓoye kwali ɗaya a sito, saboda samfurin da ke kasuwa bana da wuya ka same shi baɗi.

Tarazo ina ƙaunarsa, kuma ina baƙin cikin yadda aka yi watsi da shi. Je ka tsoffin makarantu da asibitocin gwamnati ka duba: rufi ya lalace, tagogi sun fita, tarazo yana nan. Tsakuwar mabul ce ake kwaɓawa da siminti a zuba, a raba ta gida-gida da siririn ƙarfe ko roba, a goge da inji har ta yi sumul. Ba shi da layukan da ke tara datti, in ya dushe kuma ana sake goge shi. Matsalarsa ƙwararrun masu yinsa sun yi ƙaranci, kuma gugar tana cin ruwa da wuta. In ka samu gwani, ka ga aikin da ya yi shekaru da suka wuce da idonka, ka ba shi zaure da baranda, da sharaɗin kada ya goge har ya yi santsi.

Katako da mai kama da katako ban ba ka shawararsu ba. Gara tana nan, kuma gogen ƙasa da ruwa kullum yana kumbura bakinsu. Kafet ɗin da ake mannewa bango zuwa bango shi ma rumbun ƙurar hunturu ne, ga fitsarin yara, ga wahalar mai asma. Darduma da za a naɗe a kakkaɓe a shanya ta fi, kuma ita ce maganin sanyin tayil a watan Disamba da Janairu, musamman inda Hajiya ke sallah da zama.

Game da ƙarancin kuɗi, daɓen siminti ba abin kunya ba ne. Iyayenmu mata sun yi daɓe da tsakuwa da ruwan makuba na kwasfar ɗorawa, suna bugu da madaɓi suna waƙa, kuma ɗakin ya yi shekaru ba ƙura, don sun ba aikin lokacinsa. Siminti ma haka yake: awo ɗaya na siminti, uku na yashi mai tsabta, a shafe shi da kyau, a ba shi ruwa mako guda. Wanda ka ga yana fitar da gari in an share, yashi aka cika masa ko rana aka bari ta busar da shi da wuri.

Da ni ne kai, zan kashe kuɗin yanzu a kan ƙasa mai ƙwari, in sa tayil mai kaushi a banɗakuna, kicin da ɗakin Hajiya, in sa fosilin ɗin da uwargida ta zaɓa a falo, sauran ɗakuna biyu in bar su da siminti da darduma har Allah ya hore. Sai dai ka gaya wa birkila da mai sa ƙofofi wannan shiri tun yau, su bar santimita 3 zuwa 4 a ƙarƙashin ƙofofin ɗakunan nan, don ranar da za a sa musu tayil kada ƙofa ta ƙi buɗewa.