Kiwon fara a gida: abincinta ne zai ci jarin

Wata baiwar Allah mai sayar da soyayyar fara a Daura ta aiko da tambaya. Ta ce da kaka ta wuce sai buhun da ake kawowa daga Nijar ya yi tsada, shi ne take son ta yi kiwon fara a bayan gida. Me za ta ba ta, kuma akwai riba?

Hajiya, keji ba shi ne matsala ba, katako da ragar sauro sun isa. Abinci ne zai ci miki kuɗi. Fara mai cin ciyawa ta fi son ɗanyen ganye: na gero, masara, alkama da ciyawar fadama. Ki ajiye mata busasshiyar dusar alkama a faranti, amma dusa ƙari ce kawai, domin daga ɗanyen ganye take samun ruwan da take buƙata. Ƙaramar dawa ba ta cika sonta ba, saboda gubar nan da makiyaya ke tsoro a gyauro. Kada kuma ki saka irin farar nan mai zama a jikin tumfafiya a kejin, ba a cin ta.

Da damina ganye kyauta ne, amma lokacin da fara ke kuɗi shi ne rani, lokacin da ko tunkiya kara take ci. Kullum sai an kawo sabon ganye, in ta ji yunwa junanta take ci. Sai dai ki shirya da masu noman rani a wajen dam ɗin Sabke, ko ki riƙa tsirar da alkama a tire. Ki tabbatar ba a yi wa ganyen feshi ba. Dami ɗaya mai magani zai kashe miki keji guda. Sanyin hunturu ma yana rage mata ci da girma.

Shawarata, kada ki taɓa uwar kuɗinki. Ki gwada keji ɗaya, da kwanon yashi mai danshi inda za ta yi ƙwai. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin mako 2 zuwa 3 in akwai ɗumi, 'ya'yan su yi fiffike bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ki rubuta duk abin da kika kashe, ki auna mudun da kika samu, ki gwada da farashin kasuwa. In bai fitar ba, ki sayi busasshiya da kaka tana araha, ki adana inda danshi ba ya kai mata.