Raspberry Pi da Tankin Ruwa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, Birnin Kebbi. Yayana ya aiko min da ƙaramar kwamfutar nan, Raspberry Pi 4. Kullum sai mun manta da injin sumo, tanki ya cika ruwa ya yi ta malala a tsakar gida. Na sayi sensa HC-SR04 don ta riƙa auna ruwan ta kashe injin. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Wannan tunani ya burge ni, don matsalar gidanku ka duba, ba abin ado ba. Amma kafin ka jona ko waya ɗaya, saurara.

A gefen Pi ɗinka akwai ƙananan ƙafafu 40 jere, su ake kira GPIO. Waɗanda ke karɓar saƙo a cikinsu ba sa jure wutar da ta wuce 3.3V. Ita kuwa HC-SR04 da 5V take aiki, kuma ƙafarta mai suna Echo 5V ɗin take maidowa. Ka haɗa su kai tsaye, kana iya ƙona ƙafar, wani lokaci har da ƙwaƙwalwar Pi ɗin. Ni ma na taɓa yin wannan ganganci ina sabon shiga. Ba hayaƙi, ba ƙara, ƙafar dai ta daina amsawa, na kwana biyu ina zargin manhaja. Maganin resisto biyu ne, wato 'yan na'urorin rage ƙarfin wuta: mai 1k tsakanin Echo da ƙafar Pi, mai 2k daga wannan mahaɗar zuwa GND, wato ƙafar negetif. Wutar za ta sauko kusan 3.3V.

Yadda sensar ke aiki kuwa, sauti take harbawa wanda kunne ba ya ji, ya daki saman ruwa ya dawo, sai a lissafa tazarar da lokacin da ya ɗauka. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi na digiri 20, amma a bazarar Kebbi, cikin baƙin tankin roba da rana ta gasa, gudun na haura 350. Ka saka wannan a lissafinka. Sai dai damuwata ba nan take ba. Tururin cikin tanki na cinye HC-SR04, tsatsa ta kama ta. Nemi JSN-SR04T, wadda aka rufe kanta don ruwa.

Batun injin sumo kuma, don Allah kada ka ɗora shi a kan ƙaramin rile (makunnin da saƙon wuta ke kunnawa) mai launin shuɗi da ake sayarwa da kayan koyo. Inji na jan wuta mai yawa lokacin tashi, bakin rilen na iya narkewa ya manne, injin ya ƙi mutuwa. Rilen ya kunna kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, kontakta ta ɗauki injin. Wannan ɓangare na wutar 230V ka kira mai gyaran wuta ya haɗa, kana tsaye kana koyo.

Yanzu ga ra'ayina. Pi 4 cikakkiyar kwamfuta ce mai tafiya da babbar manhajar Linux a kan katin memori, kuma katin na lalacewa idan ana yawan ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Aikin gadin tanki ya fi dacewa da ƙananan na'urorin sarrafawa irin su Arduino Uno, ko Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 a kan dala 4. Waɗannan ko sau goma aka ɗauke wuta, da ta dawo sun ci gaba da aiki. Uno ma 5V yake sha, ba ka buƙatar resistocin nan. Ka ajiye Pi 4 a ɗaki don koyon Python, yaren rubuta manhaja.

Tambaya: Malam, daga Gusau nake. Pi 4 ɗina na nuna gargaɗin ƙarancin wuta a kusurwar allo, kuma yakan mutu ya tashi da kansa. Cajar wayata nake sa masa. Ya lalace ne?

Amsa: Bai lalace ba, ɗan'uwa, yunwa yake ji. Pi 4 na son 5V mai amfiya 3 ta USB-C, kuma da wutar ta faɗi ƙasa da kusan 4.63V gargaɗin ke fitowa. Yawancin cajojin kasuwa ba sa ba da abin da aka rubuta a jikinsu, siririyar waya mai tsawo kuma tana shanye saura. Fara da canza wayar zuwa gajera mai kauri, sannan cajar. Idan da sola kake aiki, sa na'urar rage wuta daga 12V zuwa 5V mai ɗaukar amfiya 3 ko fiye. Tunda kana Gusau, ka manna masa ƙarfen shanye zafi da 'yar fanka kafin watan Afrilu, don da ya kai digiri 80 zai fara rage gudu da kansa.