Amsar Baffa kan sallamar matafiyi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka kun gyara motar nan kun sa mata gado da murhun gas da na'urar hasken rana a rufi, kuna shirin tashi daga Damagaram ku bi ta Tanut zuwa Agadas, in hali ya yi ku leƙa hamadar Tenere. Tambayarka ita ce ko lalle sai ka bi gida-gida ka yi sallama, ka kuma bar wa wani lissafin zangonku, alhali kun sayi Thuraya, wayar nan mai aiki da tauraron ɗan adam. Na yi dariya da na ji mota mai gado, domin a zamaninmu gadon yaron mota saman buhunan gero ne, amma dariyar ba ta yi nisa ba da na ji sunan Tenere.

Lokacin da nake yaron mota a ƙarshen shekarun 1970, maigidana yana ɗaukar gero da sukari da ganyen shayi daga Agadas zuwa Dirku, tafiyar sama da kilomita 500 ba kwalta ba gari, sai rijiya nan da can. Bai taɓa tayar da mota ba sai ya je wurin mutum biyu. Na farko shi ne dattijon tasha, wanda zai faɗa wa ranar tashi da rijiyoyin da za mu bi. Na biyu shi ne direban duk motar da za ta riga mu fita, wanda zai ba saƙo ya kai wa mai masaukinmu na Dirku cewa ga ranar da zai sa ido, kuma in kwana biyu suka wuce bai ga ƙurarmu ba, kada ya jira na uku. Ni a lokacin ɓata lokaci nake ganin abin, har na taɓa yi masa ƙorafi, sai ya ce mini haka ya gada daga madugan ayarin raƙuman gishiri na Fachi da Bilma, kuma mahaifinsa yakan ce wanda ba a jiransa ba a nemansa.

A wata tafiya ta lokacin zafi mun wuce rijiyar nan inda bishiyar Tenere take a da, wadda wata mota ta kayar a 1973 aka kwashi gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Kafin mu kai rijiyar Ashegur iska ta taso ta shafe sawun motoci, muka kauce hanya ba mu sani ba, sannan wani ƙarfe a cikin giyar motar ya karye, irin karyewar da ba bakaniken da zai gyara a cikin rairayi. Abin da maigidana ya fara yi shi ne ya sauko da salkunan ruwa da jarkoki ya zauna a kansu, ya ɗauko ƙaramin kofin shayi ya ce da shi za a riƙa aunawa, safe da yamma, babba da yaro. Ya hana kowa aiki da rana. Muka tone yashi a ƙarƙashin mota muka kwanta, muka rufe gefe da tamfol. Wasu fasinjoji biyu matasa suka ce su za su taka da ƙafa su nemi rijiya, tunda ba ta da nisa. Ya tsaya a gabansu ya ce mai nema daga nesa mota yake hangowa, ba ya hango mutum, kuma wanda ya bar inuwar mota ya zama aiki na biyu ga masu ceto. Har yau ina ganin yadda leɓen ɗayansu ya tsage yana zagin dattijon nan, shi kuwa bai tanka ba.

Da ranar da ya ƙiyasta ta cika, sai ya sa muka sauko da tsohuwar taya muka yi nesa da mota muka banka mata wuta. Na tambaye shi me ya hana mu ƙona ta tun farko, ya ce hayaƙi ga mai dubawa ake yi, kuma kafin yau ba wanda ke dubawa. Ashe mai masaukinmu ya ƙidaya kwanakinsa, ya je barikin sojan Dirku ya faɗi sunan direba da kalar mota da rijiyar ƙarshe da aka ce za mu bi, kuma baƙin hayaƙin nan ne ya juyo da motarsu wajenmu.

Ba ina raina Thuraya ba ne, domin da muna da ita a lokacin da an rage mana wahala mai yawa. Amma tana buƙatar sarari ta ga sama, tana buƙatar caji da kuɗi a ciki, zafi kuma yana cinye batir, sannan ko ta shiga, sai wanda ka kira ya kasance mai iya tayar da mota cike da mai da ruwa, ya kuma san yadda zai bi lambobin wurin da za ka karanto masa daga na'ura. Mahaifiyarka a Damagaram kuka kawai za ta iya yi in ka kira ta daga can. Ranar da wayar ta mutu kuwa, shirunka ba zai tayar da hankalin kowa ba in ba ka yi alkawarin kira a wata sa'a ba. Ka tuna mutanenmu 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit cikin Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. A ɓoye suka fita, kuma a zamanin waya abin ya faru. Ko ɗan Margaret Thatcher, Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, kwana shida ya yi a ɓace a saharar Aljeriya a gasar tseren motoci ta Paris-Dakar ta 1982 kafin jirgin soja ya gano shi, shi da duniya duka ke nema.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne kun mayar da sallama hoto: a tsaya gaban mota a ɗauka a sa a Facebook, mutum ɗari su yi addu'a, amma a cikinsu ba wanda aka ɗora wa nauyin ƙidayar kwana. Mu a da sallama da neman gafara da barin lissafin hanya abu ɗaya ne, shi ya sa ban san yadda zan raba maka su ba, balle in ce gidan gwaggo wance dole ne, na wance kuma ba dole ba. Batun Tenere dai kada ku yanke shi a nan. In kun isa Agadas ku tambayi hukuma da direbobin tasha halin da hanya ke ciki, domin shekaru da dama ana fita Dirku ne a ayari ranar Litinin da rakiyar sojoji. Kafin nan ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci da takarda, ka rubuta zangonku da sa'ar da za ka riƙa kira, ni kuma zan haɗa ka da ɗan wani abokina a Agadas mai mota da ya san rijiyoyin.