Shin tafiyar musayar matasa zuwa ƙasashen waje tana koyar da dimokuraɗiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya. Wani tsohon ɗalibina yana neman shiga shirin da ake kai matasa Amurka na 'yan makonni, wai don su koyi shugabanci da harkokin dimokuraɗiyya. Shin irin wannan tafiya tana sauya matashi da gaske, ko kuwa yawon buɗe ido ne da aka laƙaba wa babban suna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tana iya sauya shi, amma ba laccocin da za a yi masa ne za su sauya shi ba, kuma hukuncin ko tafiyar ta yi amfani sai bayan ya dawo gida ake yanke shi.

Daga bayaninka, ina jin shirin Mandela Washington Fellowship kake nufi, wanda aka fara a 2014 a ƙarƙashin YALI, shirin horar da matasan Afirka shugabanci da gwamnatin Barack Obama ta ƙaddamar a 2010. An riƙa ɗaukar matasan Afirka 'yan shekara 25 zuwa 35, a rarraba su jami'o'in Amurka na tsawon mako shida, wasu a fannin kasuwanci, wasu a fannin aikin gwamnati, wasu kuma a fannin hidimar al'umma. Akwai kuma shirin YES da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumba, wanda ya riƙa kai 'yan sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi, har da Najeriya, su zauna a gidajen iyalan Amurka na shekarar karatu guda.

Tunanin da aka gina waɗannan shirye-shirye a kai tsoho ne. Bayan yarjejeniyar da shugaban Faransa Charles de Gaulle da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer suka sa wa hannu a 1963, Faransa da Jamus sun kafa ofishi na musamman da ya riƙa haɗa matasan ƙasashen biyu, jikoki da 'ya'yan mutanen da suka gwabza yaƙin duniya har sau biyu, kuma miliyoyi sun bi ta wannan ƙofa. Mu ma a gida mun gwada irinsa, domin bautar ƙasa da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 musaya ce tsakanin jihohi bayan yaƙin basasa.

Abin da ya fi tasiri a zuciyar matashi shi ne ƙananan abubuwan da yake gani da idonsa. Zai zauna a taron majalisar wani ƙaramin gari, ya ga tsohuwa ta miƙe ta tambayi magajin gari dalilin da ya sa ba a gyara hanyar unguwarsu ba, a amsa mata ba tare da an ɗauke ta marar kunya ba. Zai ga kasafin kuɗin gari a buɗe ga duk mai son karantawa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya ga haka yakan daina ɗaukar tambayar shugaba a matsayin rashin ladabi, ya fara ɗaukarta a matsayin haƙƙi.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Ba don Allah kawai ƙasashe suke kashe kuɗi a kan wannan ba, suna neman abokai ne a cikin shugabannin gobe, kuma ya kamata ɗalibinka ya tafi da sanin haka. Ita ma dimokuraɗiyyar can tana da nata miki, kamar yadda duniya ta gani a ranar 6 ga Janairun 2021 lokacin da aka kutsa ginin majalisar dokoki a Washington. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda zaɓen masu shiga shirin yake karkata ga masu Turanci da intanet a manyan birane, alhali matashin ƙauye da ke sasanta manoma da makiyaya bai ma san da shirin ba.

Filin aikin yana nan gida. Dokar rage shekarun tsayawa takara da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2018 ta sauko da shekarun neman majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. Saboda haka, Malam, kafin ya cike takarda ka tambaye shi ko yana da katin zaɓe, ko ya san sunan kansilan mazaɓarsa, da kuma aikin da yake yi wa unguwarsu a yanzu. Masu tantancewa ma aikin da mutum ya riga ya fara suke dubawa. Ya kuma nemi bayani daga ofishin jakadanci kai tsaye, domin sharuɗɗa da kuɗin waɗannan shirye-shirye suna sauyawa da sauyin gwamnati, kuma duk wanda ya ce a biya shi ya samar masa gurbi ɗan damfara ne.