Lambar jikinsa za ta raba gardama

Malam, ƙarfen nan da ka samo wurin 'yan gwangwan a Gombe, kana tambaya ko birkin tsohon jirgin sama ne: wanke shi da kananzir, ka nemi suna da lambar da aka buga a jikinsa. In sunan kamfanin Cleveland ne, lambar da ta fara da 30 ta birki ce, mai 40 ta ƙarfen taya. Kamfanin Dunlop kuwa na Ingila ne, tsofaffin jiragen yaƙi irin su Spitfire masu birkinsa da iska birkinsu ke kamawa.

Amma don Allah kada ka kankare fatar birkin a bushe. Tsofaffin suna da asbesto, wani ma'adini mai jure zafi, ƙurarsa tana lalata huhu. Turo mana hoton lambar.