Wane ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska zan saya, in ja shi da Hilux, in zauna a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya, ina zaune a Daura. Na daɗe ina kallon bidiyon mutanen da ke zama a cikin ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin waɗanda ake ɗorawa a kan amalanken ƙarfe a ja da mota. Ina da Hilux, kuma ɗana da ke aiki a Amurka ya ce zai sako mini na hannu a kwantena. Burina in riƙa yin wata biyu ko uku a kan ruwa, a Zobe ko a Kainji. Wane iri zan ce ya sayo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a ritaya, ya kuma yi wa yaron albarka. Abin da kake so mai yiwuwa ne, amma kafin ka faɗa masa sunan jirgi, ka fara yanke shawarar ruwan da za ka zauna a kai, don ruwan ne zai zaɓar maka jirgin.

Dam ɗin Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, da na Sabke da ke wajenku, ruwa ne da ke cika da damina ya ja baya da rani, ya bar taɓo mai faɗi a gaɓa. Sun isa mutum ya koyi sarrafa ƙyallen iska, ya yi yini, ya kwana ɗaya ko biyu in gari lafiya. Ga mai son wata biyu, sun yi kaɗan, ga kuma maganar tsaro da duk ɗan Katsina ya sani. Kwana a daji kai kaɗai a wasu yankunan jihar nan ba abin wasa ba ne. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, shi ne ruwan da ya isa a kira shi wurin zama: tsawonsa ya haura kilomita 100, akwai garuruwa irin su Yawuri inda za ka sayi abinci da mai. Sai dai shi ma yana ja baya sosai kowace shekara, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa, akwai kallin masunta ko'ina, akwai dorina a wasu wuraren.

Duk wannan yana nuna abu guda: jirgin da farantin ƙarfen ƙasansa ke naɗewa sama. Yawancin jiragen iska irin waɗannan suna da wannan faranti mai nauyi a ƙarƙashi, shi ke hana su kifewa da zamewa gefe. A wasu jiragen a kafe yake, a wasu ana ɗaga shi da waya da mariƙin juyawa. Mai kafaffen faranti yana buƙatar gangaren siminti mai zurfi ko ƙugiyar ɗaga kaya kafin ya shiga ruwa, mu kuwa gaɓar ƙasa muke da ita. Saboda haka, duk da sunan da Flicka 20 ta yi a wajen masu zama a jirgi, ban ba ka shawararta ba. Mutum yana miƙewa tsaye a cikinta, ana ƙetare teku da ita, amma nauyinta ya kai kilo 2,500 ko fiye, kuma tana cin kusan mita guda na ruwa ko da yaushe. Nor'Sea 27 ta fi ta ɗaki, ta kuma fi ta nauyi, ta haura kilo 3,500 ita kaɗai. Ta fi ƙarfin motarka.

Nauyin nan shi ne inda mutane ke ruɗin kansu. Hilux, gwargwadon samfurinta, tana jan kilo 2,500 zuwa 3,500 idan amalanken yana da birkinsa, idan ba shi da birki kuwa kilo 750 ne iyakarta. Nauyin da aka rubuta a takardar jirgi na jirgin ne tsurarsa. Sai ka ƙara amalanken kansa, da inji, da batir, da anga da sarƙarta, da tukunyar gas, da buhun shinkafa, da ruwan sha, wanda kowace jarka mai lita 20 kilo 20 ce. Sannan ka tuna hanyar da za ka bi daga Daura zuwa Kebbi ko Neja, da ramukanta. Kada lissafinka ya kusanci iyakar motar. Ka bar mata rata mai yawa.

Wanda nake ganin ya dace da kai shi ne Catalina 22, ko wani mai irin ƙirarta. A 1969 aka fara ƙera ta a Amurka, an yi fiye da 15,000, don haka na hannu ba ya wuyar samu, kayan gyaranta ma haka. Nauyinta ya ɗan haura kilo 1,000, farantinta yana naɗewa har ta shiga ruwan da bai wuce cinya ba, kuma wasu suna da rufin da ake ɗagawa idan an tsaya. Idan ɗaki ne ya fi damunka, akwai MacGregor 26, wadda ke ɗaukar ruwa a tankin ƙasa a matsayin nauyi, a zubar da shi idan za a ja ta a hanya. Ta fi faɗin ciki, amma tana da sharaɗin da ba a sassautawa: ba a ɗaga ƙyalle sai tankin ya cika fal. Wanda ya manta wannan, iska ɗaya ta isa ta kwantar da shi. West Wight Potter 19 kuwa tana da sauƙin ja, amma ta yi ƙanƙanta ga zaman watanni.

Yanzu maganar zaman kansa, wadda bidiyo ba ya nunawa. A cikin jirgi irin Catalina 22 ba ka miƙewa. A zaune za ka dafa abinci, a sunkuye za ka sa riga. Ka yi tunanin salla sau biyar: ko ka sauka gaɓa, ko ka tanadi katakon da zai rufe ramin zama na baya ya zama dandamali, kuma ka riƙe kamfas, don jirgin da ke kan anga yana juyawa da iska, alƙibla tana sauya maka gefe. Ban ɗakinsa ɗan bokiti ne mai murfi da za ka riƙa fitarwa kana zubarwa nesa da ruwan da jama'a ke sha. Ruwan dam kuma kada ka mai da shi na wanka da alwala kai tsaye, tsargiya tana nan. Ka tace, ka tafasa, ko ka ɗebo daga rijiyar burtsatse. Gidan sauro dole ne.

Zafi shi ne babban abokin gaba. An ƙera waɗannan jirage don ƙasashen sanyi, tagoginsu ƙanana ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, cikin jirgin faiba da azahar kamar tanda yake. Lokacinka shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: iskar arewa maso gabas tana kaɗawa, dare da sanyi, babu hadari, sai dai hazo da ke rage gani. Farkon damina kuwa ka fitar da jirginka daga ruwa. Guguwar da ke gaban hadari tana tasowa daga gabas cikin 'yan mintoci, kuma ba ta jiran sabon shiga ya sauke ƙyalle. Ka sa a ɗinka maka rumfar tamfol da za ta rufe bayan jirgin, ka sa sola da fanka ƙarama, ka riƙa rufe ƙyallen idan ba a aiki da shi, don rana tana cinye shi.

Ga saƙon da za ka ba yaron. Ya taka saman jirgin ba takalmi, lungu-lungu. Inda ya ji yana lotsawa, ruwa ya shiga katakon da ke tsakanin faiba ya ruɓe, ya bar wannan jirgin komai arharsa. Ya duba wayar da ke ɗaga farantin da ƙusar da yake juyawa a kanta, ya haɗo da sababbi. Ya leƙa ƙarƙashin amalanken ya ga tsatsa, ya sayo boris da taya na ajiya, don girman tayarsu ba lallai ka same shi a kasuwarmu ba. Inji ƙarami mai ƙarfin doki 6 ya ishi Catalina, kuma gara Yamaha, tunda masu gyaransa suna nan a garuruwan bakin ruwa. Ya kuma auna faɗin jirgin kafin ya biya kuɗi: ƙofar kwantena kusan mita 2.34 ce, faɗin Catalina 22 kusan haka yake, don haka ya fara jin ta bakin masu lodi, ku kuma yi lissafin kuɗin kwastan tun yanzu.

Kai kuma, kafin jirgin ya iso, ka koyi iyo idan ba ka iya ba, ka sayi rigar kariya ka saba da sa ta, ka nemi wanda zai koya maka tuƙin iska. A Legas ake samun su, inda ƙungiyar masu jiragen iska take tun 1932. Ka tuntuɓi hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kan rajista, ka kai gaisuwa wajen Sarkin Ruwan wurin da za ka sauka, shi zai nuna maka inda kututture yake da inda aka shimfiɗa kalli. Ranar da za ka tayar da sandar ƙyallen a gaɓa, ka ɗaga kai ka duba sama tukuna: sandar alminiyam ce mai tsawon sama da mita 7, idan ta taɓa wayar wuta, wanda ke riƙe da ita ba ya tashi.