Fatawa: Hukuncin Tare Ruwan Kanal da Dare

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina noman rani a yankin Kura, kuma gonata ce ta farko a bakin kanal. Ƙungiyarmu ta raba kwanakin ban ruwa, amma idan zafi ya taso nakan jera buhunan ƙasa da dare in karkato ruwan zuwa shinkafata, ko da ba ranata ba ce. An ce min hadisi ya ba na sama damar fara sha. Haka ne? Kuma tunda ruwa na Allah ne, kuɗin ruwan da ake karɓa a hannunmu ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, hadisin yana nan, sai dai wanda ya faɗa maka ya yanke maka rabi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam ya yi jayayya da wani mutumin Ansar a kan ruwan da ke gangarowa daga Harra a Madina. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Zubairu ya shayar da gonarsa sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo hukuncin kwararon Mahzur da Muzainib, hanyoyin ruwa biyu a Madina: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. Ka ga ko nan ɗin ma an yi iyaka, kuma iyakar ba ta wuce idon sawu ba.

To amma wannan hukuncin na ruwan da ya sauko daga sama ne ya kama hanyarsa, babu wanda ya yi masa wahala. Naku ba irinsa ba ne. Ruwan da ke bi ta bakin gonarka a watan Maris, lokacin da rafuka suka ƙafe, an tare shi ne a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka haƙa masa kanal da dukiyar jama'a har ya iso Kadawa da Kura. Irin wannan malamanmu na Malikiyya suka ce rabo ake yi. Har ma sun bayyana ma'aunin da ake kira ƙild: tukunya ce a huda gindinta a cika ta da ruwa, mai rabo ya yi ta shayarwa har ta tsiyaye, sannan na gaba ya karɓa. Kwanakin da ƙungiyarku ta raba su ne tukunyarku. Rabon ruwa da kwana kuwa yana cikin Alƙur'ani, a Suratush Shu'ara aya ta 155, inda aka ba taguwar Annabi Salihu ranarta, mutanen kuma tasu.

Saboda haka abin da kake yi haramun ne: cin haƙƙin wani ne, kuma saɓa alkawari ne. Na taɓa tsayawa a gonar da ke ƙarshen kanal, fangali ya dare har hannu yana shiga, ganyen shinkafa ya nannaɗe, mai gona da bashin taki a wuyansa. Shi ne ke biyan kuɗin buhunan nan naka. Ni a ganina, da ka yarda halal ne ba za ka jira mutane su yi barci ba.

Ka kwashe buhunan, ka tuba, ka je ka sami waɗanda ka ci wa rana. Ka rama musu daga kwanakinka, in kuwa shuka ta lalace a sanadinka, dattawan da suka san noma su kimanta, ka biya ko su yafe. Idan rabon ne bai ishe ka ba, kai kuka gun shugabannin ƙungiya da rana tsaka.

Kuɗin ruwa kuwa ya halatta. Hanin da ya zo a hadisi a kan sayar da rarar ruwa bai shafe shi ba, domin ladan yashe kanal ne da gyaran ƙofofin ruwa da albashin masu kula da su. Sharaɗi dai a kashe shi a inda aka ce. Wanda ya karɓa ya cinye, alhakin yana kansa. Wallahu a'alamu.